Makaɗanmu na da kiɗa, wurin yin sa ne babu: kira ga matasan Madaoua, Bouza da Keita

Bayan babbar sallar da ta wuce na je gida Madaoua bikin wani abokina da muka yi makaranta tare. Da aka idar da sallar isha'i sai aka datse layi da benci, aka kafa rumfa, wani matashi ya jera manyan lasifikoki huɗu, ya jona kwamfutarsa da injin wuta. Daga nan har kusan tsakar dare waƙoƙin Kano da na Yamai ke tashi, jefi-jefi a sako na Abijan saboda 'yan bida da suka zo sallah. A can gefe, jikin katanga, wani dattijo mai gurumi yana zaune shi da yaronsa. Tun ina ƙarami na san shi, kuma iyayen ango ne suka aika masa da goro. Sau ɗaya aka rage sauti aka miƙa masa makirfo. Bai yi minti biyar ba ƙawayen amarya suka fara kiran a mayar musu da waƙarsu, aka mayar.

Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, sannu da haƙuri." Ya yi dariya, ya ce mini shi ba kuɗin ne ke damunsa ba, don an sallame shi daidai gwargwado. Abin da ke damunsa shi ne ya manta rabon da ya fara waƙa ya kai ta ƙarshe a gaban jama'a.

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mun saba cewa kiɗan gargajiya na mutuwa saboda waya da intanet, ko saboda yaran yanzu ba su san darajar al'ada ba. Ni a ganina matsalar ta fi haka sauƙin ganewa. A Madaoua da Bouza da Keita babu wani wuri da mutum zai ce, ranar kaza da ƙarfe kaza in ka je za ka tarar ana kiɗa, ka biya kuɗin ƙofa, ka zauna ka saurara. Muddin babu irin wannan wuri, makaɗi zai ci gaba da zama ɗan rakiyar bikin wani, ko ɗan amshin mai kuɗi.

A da ba haka abin yake ba. Kowace sana'a da kiɗanta, kuma kowane kiɗa da wurinsa. Manoma na da gangar noma a gonar gayya, mahauta na da kalangu a bakin kasuwa, 'yan kokowa na da makaɗansu a fili bayan an kawar da amfanin gona, sarakuna na da kakaki da algaita a ƙofar fada, mata na da kiɗan ƙwarya a cikin gida, Abzinawan da muke zaune tare da su na da tende. Sannan ga dandali, inda 'yan mata da samari ke haɗuwa da farin wata. Ba wanda ya taɓa kiran waɗannan wurare da sunan gidan wasa, amma aikin da suke yi ke nan: makaɗi ya san inda zai je, mai sauraro ya san inda zai same shi, yaro mai sha'awa ya san inda zai tsaya ya koya.

Ni ban riski zamanin Samariya ba, a bakin iyayenmu na ji labarinsa. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya, kuma daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, wanda ke zagayawa daga wannan babban gari zuwa wancan. Kafin wata ƙungiya ta kai can sai ta yi nasara a matakin garinsu, ta wuce na gunduma, ta wuce na jiha. Ma'ana wata da watanni ana gwaji kowane dare, ana ɗinka kaya, ana tsara waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A wannan zamani ne gidajen matasa da al'adu, waɗanda muka fi sani da MJC, suka yi tashe. Ba na cewa komai na lokacin alheri ne. Mulkin soja ne, kuma da yawan waƙoƙin yabon gwamnati ne da isar da saƙonta. Amma ko wanda ba ya ƙaunar wancan mulki zai yarda cewa akwai fili, akwai lokaci, akwai dalilin da zai sa matashin Bouza ya kwana yana gyara murya. Bayan taron ƙasa na 1991 Samariya ta watse, kuma ba a kawo wani abu da ya maye gurbinta ta wannan fanni ba.

Yau in ka duba, ƙofofi uku suka rage wa makaɗi a yankinmu. Ta farko biki, aure ko suna, inda yake gogayya da mai kwamfuta wanda ya fi shi arha kuma ya fi shi ƙara. Ta biyu taron manya, na siyasa ko na tarbar baƙi, inda ake so ya ambaci sunaye a yi masa liƙi. Ta uku kamfen ɗin faɗakarwa na ƙungiyoyi, inda za a ba shi takarda a ce ya yi waƙa kan rigakafi ko tsabta ko rajistar haihuwa. Duka ukun halal ne, kuma da su ake ciyar da iyali. Sai dai a duka ukun wani ne ke zaɓar abin da za a faɗa, kuma ba don kiɗan aka taru ba.

Abin da wannan ke haifarwa a bayyane yake. Doguwar waƙa, wadda ake ginawa sannu a hankali har ta ratsa mai sauraro, ba ta da wurin zama a bikin da aka ba ka minti biyar. Waƙar da ke faɗa wa mai iko gaskiya ba ta fitowa daga bakin wanda abincinsa ke hannun mai ikon. Yaron makaɗi yana ganin yadda ake yi wa ubansa, sai ya gwammace ya nemi babur ya yi kabu-kabu, ko ya bi mota zuwa Abijan ko Libiya. In babu mai koyo, mai sassaƙa gangar da mai ɗaure fatar su ma sun rasa kasuwa. A ɗaya gefen kuma ga matasa masu basira da ke shiga situdiyo, kwamfuta ta haɗa musu kiɗa, ta gyara musu murya, su saki waƙa a TikTok ta zagaya. Ranar da aka gayyace su wasa sai a kunna waƙar su riƙa motsa baki. Ba laifinsu ba ne. Ba su taɓa samun inda za su tsaya gaban mutum ɗari da makaɗa a bayansu, su yi kuskure, a yi musu dariya, su dawo mako mai zuwa sun gyara ba.

Wanda ke shakkar cewa wuri da lokaci ne ke raya al'ada, ya dubi kokowa. Ita ma wasan ƙauye ce ta bayan girbi, ita ma za ta iya ɓacewa kamar yadda wasanni da yawa suka ɓace. Amma a 1975 aka yi gasar ƙasa ta farko, a nan Tahoua, aka sa takobi, aka gina filaye a manyan biranen jihohi, aka tsayar da lokaci. Yau in ana gasar takobi, daga Yamai har Diffa kowa kunnensa na rediyo ko idonsa na talabijin, 'yan bida a Kwatano da Legas suna bi ta waya, kuma yaro a Tamaske ko Karofane ya san cewa in ya dage akwai matakalar da zai hau. Wayar da ake zargi da kashe kiɗa ba ta kashe kokowa ba, ƙara mata 'yan kallo ta yi, saboda akwai filin da za a ɗauko hoton.

Kuma ba basira muka rasa ba. Jihar Tahoua ce ta haifi Dan Gourmou, wanda tun 1987 ake gasar waƙa ta ƙasa da sunansa. Daga arewacin jihar nan Mdou Moctar ya fito. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta memori, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, yau ga shi yana cika manyan wuraren wasa a Amurka da Turai. 'Yan matan nan na Les Filles de Illighadad, su ma 'yan jihar nan ne, suna da kundi guda da aka ɗauka kai tsaye a gaban 'yan kallo a birnin New York. Abin tambaya shi ne, in ɗaya daga cikinsu ya ce yau yana so ya yi wasa a Keita ko Madaoua, da kayan sauti masu kyau da tikiti da kujeru, wa zai kira, kuma ina za a kai shi?

Agadez ta ba mu wani darasin. Tsohon birni ne da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, kuma ba wasu manyan gidajen wasa ne suka raya kiɗan jita a can ba. Bukukuwan aure ne, amma bukukuwan da jama'a suka saba cewa sai an kawo makaɗa da jitarsu da gangunansu sun yi wasa da hannunsu. Ƙungiyar Etran de l'Aïr tun 1995 take wasa a irin waɗannan bukukuwa kafin duniya ta san da ita. Wanda ya yi shekara ashirin yana kiɗa kowane mako a gaban mutanen da za su tashi su tafi in bai burge su ba, ba ya jin tsoron kowane dandamali.

Haka abin yake a sauran biranen Afirka ta Yamma da 'yan bidarmu suka sani. A Bamako, ƙungiyar Rail Band an kafa ta ne a 1970 don ta riƙa wasa a otal ɗin tashar jirgin ƙasa, kuma daga nan Salif Keita da Mory Kanté suka fito. A Dakar, Youssou N'Dour ya buɗe gidan wasansa mai suna Thiossane, yana hawa dandamali a garinsu duk da sunan da ya yi a duniya. A Legas, Fela Kuti na da wurinsa da ake kira Shrine, bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka buɗe sabo a Ikeja a shekarar 2000. Wanda ya zauna Abijan ya san babban gidan al'adu na Treichville, ya kuma san ƙananan wuraren unguwa da ake kiɗa duk ƙarshen mako. A ko'ina labarin ɗaya ne: sai da aka sami wurin da ake komawa kullum sannan manyan suka fito.

Mu ma muna da gine-gine. Yamai na da cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, da MJC Djado Sékou, da cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya da aka buɗe a 1989. Tahoua na da MJC Albarka Tchibaou, kuma garin ya sami gyara sosai lokacin bikin 18 ga Disamba na 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tahoua Sakola. Sai dai daga Madaoua zuwa Yamai wajen kilomita 500 ne, kuma bikin shekara-shekara, komai girmansa, ba ya koya wa yaro kiɗa. Ɗakunan taron da ke garuruwanmu kuwa, duk wanda ke zaune a can ya san abin da aka fi yi a cikinsu: taron bita, rabon takardun shaida, walimar aure. Gini ba ya kiɗa da kansa. Sai an sami mutanen da za su ce wannan daren na makaɗa ne, kuma su tsaya a kan haka.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini a fada muna shan shayi. Na farko, maganar addini da tarbiyya. Iyaye da malamai na tsoron kada wurin kiɗa ya zama mashaya ko matattarar lalata, kuma tsoron nasu na da tushe, don an ga irin haka a wasu wurare. Amma mu duba abin da ke faruwa yanzu da babu wurin. Kiɗa bai tsaya ba. Yana cikin wayar kowane yaro, da hotunan da ba wanda ya tace, yana kuma tsakiyar layi har tsakar dare a hana marar lafiya barci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wuri mai fitila, mai ƙofa, mai lokacin buɗewa da na tashi, wanda uba zai iya zuwa da 'yarsa, ya fi sauƙin tsarewa a kan abin da ake yi a duhu. A fara bayan isha'i, a tashi ƙarfe goma da rabi, ba giya, a ware wa mata da iyalai wurin zamansu, a dakata a watan azumi. Kafin a buga ganga ko ɗaya a je a gaida sarki da limamai, a faɗa musu tsarin, a saurari gyaransu.

Na biyu, tsaro. Ba wanda zai raina wannan, musamman a kudancin gundumar Madaoua, wajen Bangui da ƙauyukan bakin iyaka, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a. Ba ina kira a tara mutane da dare a inda ba a iya kare su ba. Maganata a kan manyan garuruwa ce, cikin wuri mai katanga, da izinin hukuma da sanin jami'an tsaro, kamar yadda ake yi wa kokowa da wasan ƙwallo. In dare bai yiwu ba, a yi da la'asar a tashi kafin magariba. Kuma kada mu manta, matashin da ba shi da abin yi, ba shi da inda za a san da shi, shi ne ya fi sauƙin ja zuwa ɓarna.

Na uku, talauci: wai mutumin da ke neman na hatsi ina ya ga kuɗin kallon kiɗa? To bari mu yi lissafi, a matsayin misali kawai. A ce mutum 300 sun shiga, kowa ya biya dala ɗari, wato sefa 500. An tashi da jika 150. A cire hayar kayan sauti da wuta da masu gadi da share wuri, a raba sauran tsakanin ƙungiyoyi biyu ko uku da suka yi wasa, a gaban kowa, a rubuce. Ba dukiya ba ce, amma kuɗi ne da makaɗi ya samu ba tare da ya roƙi kowa ba. Mu da muke biya mu shiga gidan kallon ƙwallo don ganin Real Madrid da Barcelona, muke sayen kuɗin intanet kusan kullum, ba za mu ce dala ɗari a wata ta gagare mu ba. Ga masu tuyar ƙosai da masu shayi da masu tsire da 'yan kabu-kabu da za su ci kasuwa a bakin ƙofa.

Abin da nake ba da shawara ba babba ba ne. Kada a jira gwamnati ta gina sabon ɗaki. A kowane ɗaya daga cikin garuruwan uku, fadodin matasa biyar ko shida su haɗu su kafa kwamiti, su nemi hukumar gari ta ba su dare ɗaya a wata a ɗakin taron da ke akwai ko wani fili mai katanga. A tsayar da ranar kada ta motsa, misali Asabar ɗin farko ta kowane wata, ko daren cin kasuwar garin lokacin da mutanen ƙauye ke nan. A sa doka guda wadda ba a karyawa: duk wanda zai hau, da makaɗa zai hau, ba a kunna waƙa a motsa baki. A haɗa tsoho da yaro a dare ɗaya, mai gurumi ya buɗe, 'yan zamani su rufe, wata rana a sa su yi waƙa tare. A bar wa mata masu kiɗan ƙwarya da masu tende nasu lokacin. Gidajen rediyon al'umma su watsa kai tsaye, a ɗauka da waya a sa a Facebook da YouTube da sunan makaɗin, a kuma taimaka masa ya yi rajistar waƙoƙinsa a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA. In Madaoua ta ɗauki makon farko, Bouza na biyu, Keita na uku, ƙungiya ɗaya za ta iya zagaya garuruwa uku cikin wata guda.

Sai ku 'yan uwa da ke waje, Abijan, Legas, Kwatano, Duwala, Libreville, Tarabulus da sauransu. Kowa ya san Adar da bida aka san ta, kuma kuɗin da kuke aikowa ne ke riƙe da gidaje da yawa. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, kun sayi magani, Allah ya saka. Ku ne kuma kuka fi kowa kewar kiɗan gida. Ku ne ke turo saƙon murya a WhatsApp kuna cewa a ɗauko muku waƙar wane. Jikar da za ku liƙa wa mawaƙi a dare ɗaya don ya ambaci sunanku, in ƙungiyarku ta 'yan gari ɗaya ta haɗa irinta, za ta sayi lasifika da makirfo da faifan sola da batir, kayan da za su yi shekaru suna aiki. Ku sa sharaɗi: kayan na gari ne, a rubuta su, a riƙa turo muku lissafi da bidiyon kowane wasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutanen da iyayensu mata suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da ƙasar Keita tun daga 1984 ba sa bukatar a koya musu aikin gayya.

Zai yiwu daren farko mutum arba'in ne za su zo. Zai yiwu wuta ta ɗauke, ko wani ya tashi ya ce ba a kyauta ba. A dawo wata mai zuwa, a ranar da aka ce, a lokacin da aka ce. Jama'a na sabawa ne da abin da ba ya saɓa alƙawari.

Dattijon nan mai gurumi shekarunsa sun ja, kuma waƙoƙin da ke kansa ba a rubuce suke ba. Yaron da ke riƙe masa kaya ya gaya mini yana tunanin tafiya bida bayan girbi. Ina fata kafin lokacin a sami daren da za a ba su awa guda cur, a kashe kwamfuta, mu biya kuɗin ƙofa mu zauna, Baba ya fara waƙarsa ya kai ta ƙarshe.